Injin Suracen Ɗahiru Maƙeri

Ni dai yanzu in aka tambaye ni abin da na ci da safe sai na tsaya tunani, wani lokaci ma sai na leƙa na tambayi mai ɗakina. Amma abin da Ɗahiru maƙeri ya yi wa hancin Elkana a unguwarmu ta Lokuwa cikin Mubi, wannan kam ko daga barci aka tashe ni zan kawo shi. Shekarar ce ta kuɓuce mini. Ko bara waccan ce, ko wadda ta gabace ta. Abin da na tabbatar shi ne damina ta yi nisa, masara ta yi goyo, ciyawa ta yi fure ko'ina har bakin mayo, wato kogi.

Shi Elkana mutumin Kwaja ne, manomi, ya fi shekara talatin zaune a Lokuwa, katanga ɗaya ce tsakanin gidansa da na Ɗahiru. Shi ne jagoran mawaƙan cocinsu. Allah ya ba shi murya, in ya ɗaga ta ranar Lahadi har mu da ke zaune gindin darbejiya a bakin titi muna jin ta. Ya yi waƙa a bikin 'ya'yan mutane ba adadi. Shi kuwa 'ya mace ɗaya gare shi, auta, sunanta Dorathy. Tun ranar da aka haife ta ya shirya mata waƙa ya ɓoye a cikinsa, ko matarsa Roda ba ta taɓa jin ta ba, ya ce sai ranar auren yarinyar. To, aka sa rana, Asabar, da wani yaro ɗan Michika. Saura kwana shida sai hancin Elkana ya toshe.

Ba baƙon ciwo ba ne. Duk shekara in ciyawa da masara suka yi fure sai ya kama shi: atishawa jere-jere, ido ya yi ta ƙaiƙayi, hanci ya yi ta zuba, daga nan ya rufe ruf, goshi da kumatu su yi nauyi kamar an ɗura musu yashi. Murya kuwa ta koma ta agwagwar da ta faɗa tulu.

'Yar ƙanensa, Lidiya, nas ce a wani asibiti cikin gari. Ta zo ta duba shi, ta ba shi ƙwaya ya riƙa shan ɗaya kullum, da maganin fesawa a hanci, ta nuna masa yadda zai wanke hancin da ruwan gishiri wanda aka tafasa ya huce.

"Baba, feshin nan ba ya aiki rana ɗaya," in ji ta. "Ka ba shi kwanaki. Kuma ka bar zuwa gona sai bayan biki."

Elkana ya yi kwana biyu yana fesawa. A rana ta biyun ya ce bari ya leƙa gonar kawai ya dawo, ya kutsa cikin masara tun hantsi har azahar, ya dawo ko sunansa ba ya iya faɗa daidai. A nan ne Ɗahiru ya same shi zaune a dakalin ƙofar gida, tawul a wuya.

Ɗahiru bokiti yake ƙerawa, da mazurari, da kurfoti, duk abin da ake yi da langa-langa da dalma. Aikinsa ba laifi, ni ma butata shi ya liƙe ta, ko dai ta maƙwabcina ce, na manta. Kakansa ne ya zo Mubi daga ƙasar Kano da zabira a kafaɗa, wanzami ne na gaske. Sai dai uban Ɗahiru bai koyi wanzanci ba, shi ma bai koya ba. Abin da ya gada daga tsohon biyu ne, wani tsohon turkuɗi mai shuni da yake ajiye a ƙasan akwati, da cika baki.

"Baban Dorathy, wa ya mutu?" in ji Ɗahiru.

"Hanci," in ji Elkana.

"Me kake sha?"

Elkana ya zaro 'yar kwalbar feshin daga aljihu. Ɗahiru ya karɓa da yatsa biyu, ya ɗaga ta sama, ya juya ta, ya kalle mu, mu da ke zaune a gefe.

"Malam, dubi abin da aka ba dattijo. Wannan ko hancin ƙadangare ba zai buɗe ba. Mu gidanmu, kakana ya taɓa buɗe hancin wani bafatake da ya shekara bakwai bai shaƙi iska ba. Da ya ja numfashin farko sai da hular kakan nawa ta bi."

Na ce, "Ɗahiru, rannan ka ce shekara uku ne."

"Wancan wani bafataken ne daban, Malam. Baban Dorathy, ka ba ni zuwa la'asar. In ba ka yi waƙa ba ranar Asabar har gilashin taga ya tsage, ka daina kira na jikan wanzamai."

Ba wanda ke kiransa haka, amma Elkana mutum ne da ke cikin matsi, kuma wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi.

Maganin farko tafarnuwa ce. Ɗahiru ya ɓare ƙwara biyu manya, ya ce ciwon hanci kamar ɓera yake a rami, sai an toshe masa ƙofa da abin da ba ya so. Ya tura ɗaya dama, ɗaya hagu, ya ce a ƙirga ɗari biyu. Elkana ya zauna baki buɗe, hawaye na bin kumatu. Da ƙirga ta cika Ɗahiru ya sa farce ya zaro ta dama. Ta hagu kuwa ya taɓa ta sai ta ƙara gaba. Ya sake taɓawa ta sake matsawa.

"Tana bin ciwon ne," in ji shi. "Alama ce mai kyau."

Ya shiga rumfarsa ya fito da 'yar filayar da yake lanƙwasa bakin bokiti da ita. Elkana na ganin ta ya miƙe tsaye, ya tari keke-napep da kansa, bai ko sa takalmi ba. Lidiya ce ta ciro tafarnuwar da ɗan hantsaki a asibiti, ta naɗo ta cikin auduga ta kawo har rumfar Ɗahiru.

"Baba Ɗahiru, ga kayanka. A kai wa matarka, Mama Na'imatu, ta sa a miya."

"'Yar nan, ke ba ki san sirrin abin ba. Da kin bar ta ta kwana..."

"Da ta kwana, da yanzu ana yi masa aiki. Cikin hancin duk ya ƙone. Ni na taɓa zuwa na ce zan liƙe maka bokiti?"

"Boko dai," in ji Ɗahiru bayan ta tafi. "Sun iya cire abu, ba su iya sawa ba."

Na ɗauka an gama ke nan. Ashe an fara.

Washegari, Laraba ce ko Alhamis, mata sun cika tsakar gidan Elkana ana tankaɗen fulawar cincin na biki. Ɗahiru ya leƙo ta kan katanga ya yafuto Elkana, ya miƙo masa wani ƙulli a takarda. Asara ce, wato garin tabar nan da tsofaffi ke shaƙa, amma ya ƙara mata masoro da busasshiyar citta da kanumfari, ya daka su lilis.

"Jiya mun yi kuskure, mun rufe wa ɓera ƙofa. Yau koro shi za mu yi. Shaƙi ɗan kaɗan."

Elkana bai taɓa shaƙar asara ba, bai san mene ne kaɗan ba. Ya zuba rabin ƙullin a tafin hannu ya ja da iyakar ƙarfinsa. Ya yi tsit. Idanunsa suka firfito. Ya juya yana laluben hanya, ya yi taku uku, ya tsaya daidai kan babbar robar da aka tara fulawar da aka gama tankaɗewa tun safe.

Ni ina waje, ban gani ba, ƙarar na ji, na ɗauka tayar babur ce ta fashe. Waɗanda ke ciki sun ce fulawar ta tashi har saman mangwaro. Ta sauko kan mata, ta koma hancin Elkana, ya sake saki. Yana atishawa fulawa na tashi, fulawa na tashi yana atishawa. Wata tsohuwa daga Kwaja ta ƙirga masa talatin da ɗaya, sannan ita ma ta kama tata.

Roda ta fito ƙofar gida fara fat, ido kawai ake gani, muciya a hannu.

"Ina mutumin nan? Ina shi? Ɗahiru! Kwana nawa ya rage wa bikin yarinyan nan kana so ka kashe mini maigida?"

Ɗahiru ya riga ya shige rumfa ya kare da murfin ganga. "Maman Dorathy, ki tambaye shi, ai ya buɗe! Baban Dorathy, bai buɗe ba?"

Gaskiya ya buɗe. Na kusan minti biyar Elkana ya ja iska ta hanci biyu, har ya gwada murya ya ji ta fito. Daga nan hancin ya kumbura ya rufe fiye da da. Amma minti biyar ɗin nan su ne suka cuce shi, don ya ɗanɗana, ya kuma yarda cewa maƙeri na da wani abu.

Roda ta kafa doka: in ta sake ganin mijinta da Ɗahiru ko gaisawa suna yi, ita da 'yarta za su tafi coci su bar shi a gida. Lidiya ta sake zuwa, ta sake bayani, ta ce in yana son tururi ya zuba ruwan zafi a kwano ya lulluɓa da tawul ya shaƙa a hankali, ba laifi, zai ɗan sassauta masa. Ɗahiru yana bayan katanga yana ji.

"Surace!" ya ce mini da yamma, yana buga cinya. "Malam, ka ji yarinyar nan? Surace za ta koya wa jikan wanzamai! Kwano ɗaya! Ciwon shekara talatin za a kora da kwano ɗaya? Ai sai inji."

Kwana ɗaya da wuni muna jin ƙwanƙwasa daga rumfarsa. Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci ya jawo abin bakin titi. Rabin ganga ce ya ɗora kan duwatsu uku, ya yi mata murfi, ya huda murfin ya dasa salansar wani mataccen babur, a ƙarshen salansar ya liƙa mazurari mai faɗin faranti. Ya bi kowace kafa da dalma ya toshe. Ya rubuta da fenti a jikin gangar: INJIN SURACE, HANCI BIYU A LOKACI ƊAYA.

Matarsa Na'imatu ta leƙo daga zaure. "Maigida, ina tururin zai fita in ya yi yawa?"

"Ta hancin majinyaci mana. Ni aikina ba ya yoyo. Shekara ashirin ina liƙi, wa ya taɓa dawo mini da bokiti?"

"Ni dai na kwashe kajina," in ji ta, ta koma ciki.

Kafin ya rufe murfin ya nuna wa jama'a abin da ke ciki, don mutane sun taru, har da masu keke da suka ajiye fasinja suka tsaya kallo, da wasu ɗalibai masu ɗaga waya. Ganyen turare, ganyen darbejiya daga bishiyarmu ba da izinina ba, ganyen gwaiba, lemun tsami, citta, kanumfari. Har nan ba wanda zai yi masa musu, iyayenmu ma da irin waɗannan suka yi surace. Sai ya ɗebo barkono, ɗan munci mai zafin nan, cikin hannu biyu ya watsa.

Na ce, "Ɗahiru, wannan fa?"

"Direba ke nan, Malam. Sauran duk fasinja ne."

Elkana ya ce wa Roda zai je aski ne saboda gobe. Ya zagayo ta bayan layi ya zo, yana waige-waige. Da ya ga taron ya so komawa, Ɗahiru ya riƙe masa hannu.

"Gobe ne fa, Baban Dorathy. Waƙar da ka ɓoye shekara ashirin da biyar, da muryar agwagwa za ka fito da ita gaban mutanen Michika?"

Elkana ya zauna kan kujerar tsugunno. Ɗahiru ya shafe masa fuska da wuya da man kaɗanya, ya ce don kada fata ta ji zafi. Sannan ya shiga gida ya fito da turkuɗin kakansa, baƙi wuluk yana ƙyalli. Wanda ya san turkuɗi ya san ko a bushe ka taɓa shi sai ya bar maka shuni a yatsa, shi ya sa masu naɗa shi goshinsu ke yin shuɗi. Ɗahiru ya sani sarai. Amma ya ce tawul na asibiti ne, albarka tana cikin mayafin gado. Ya lulluɓe Elkana da mazurarin gaba ɗaya, ya tattara gefen mayafin ya take da ƙafa, ya sa aka ƙara itace.

Da farko lafiya. Ganga ta fara ƙugi, wani ƙamshi mai daɗi ya fito, Elkana daga ciki ya ce, "Ƙamshi kam akwai." Jama'a suka yi tafi. Ɗahiru ya gyara hula ya fara jawabi. Ya ce daga yau ba sauran mura a Mubi ta Arewa da ta Kudu. Ya ce zai ƙera babba mai mazurari goma, a riƙa shiga layi-layi, ranar kasuwar shanu ma a yi wa shanu. Ya ce likitoci za su zo su koya, ba zai hana su ba, amma sai sun cire takalmi.

Yana cikin haka barkono ya iso.

"Ɗahiru," in ji mayafi.

"Haƙuri, Baban Dorathy."

"Ɗahiru, buɗe!"

"Kun ji ko? Ba shi ne ke magana ba, ciwon ne. Haka suke yi in za su fita."

"Ni ne! Ni ne Elkana! Buɗe, don Allah!"

"Har sunansa ya sani," in ji Ɗahiru, ya ƙara danne mayafin. "Shekara talatin suna tare."

Mayafi ya shiga tari da birgima. Wani mai keke ya ce, "Oga, sake shi mana, mutum ne fa a ciki!" A daidai nan Roda ta ɓullo daga kan kwana da Dorathy, sun karɓo rigar amarya daga wurin tela. Roda ta dubi taron, ta dubi takalman da ke leƙowa ta ƙasan turkuɗi. Ta san su, ita ta saya.

Ba ta kai ga isowa ba. Ganyen da ke tafasa ya taso ya cushe bakin salansar, tururi ya rasa hanya, aikin Ɗahiru kuwa, kamar yadda ya faɗa, ba ya yoyo. Gangar ta kumbura, ta yi wani irin fito. Na tuna na ce "Innalillahi," ban tuna ko na ƙarasa ba. Murfin ya tashi da salansa da mazurari gaba ɗaya, ya haye sama ya faɗo kan kwanon rumfar Ɗahiru ya lotsa shi. Allah ya tsare, ruwan ya zube ta bayan ganga inda ba kowa, ya kashe wutar. Amma dafaffen ganye ya sauko mana kamar ruwan sama, tururin barkono kuwa ya bi layin nan tun daga rumfa har bakin titi.

Ban taɓa ganin unguwa guda tana atishawa lokaci ɗaya ba sai ran nan. Masu keke, ɗalibai, mai rake, da ni. Wani akuya da ke ɗaure ya tsinke igiya. Ɗahiru da ya fi kowa kusa ya durƙusa yana tari, ganyen gwaiba manne a goshi, yana cewa, "Ku shaƙa, jama'a, kyauta ne."

Elkana ya yaye mayafi ya miƙe.

Tarin ma sai ya tsaya. Tururi ya jiƙa shuni, man kaɗanya ya kama shi. Fuska, kunnuwa, wuya, duk sun yi shuɗi. Furfurar kansa da gashin bakinsa, da suke fari tas da safe, su suka fi sha, sun koma kalar bulan wanki. Ido biyu jajaye a tsakiya.

Dorathy ta saki ledar rigar amarya. "Baba?"

Elkana ya buɗe baki zai amsa, ba abin da ya fito sai iska. Barkono ya tafi da muryar ɗungurungum.

Abin da Roda ta faɗa wa Ɗahiru ba zan rubuta ba. Wani da Hausa ta faɗa, wani da yarensu, kuma na gode Allah da ya sa mantuwa ta rufa mini asiri a nan. Na dai tuna Na'imatu ta fito ta tsaya kusa da ita tana cewa, "Ƙara masa, Maman Dorathy, ni na gaji." Dorathy kuwa sai ta sunkuya. Ta ɗauki ledarta, ta kama hannun ubanta ta ja shi gida, tana kuka ba sauti. Wannan ne ya kashe bakin Ɗahiru, ba zagin ba. Ya tsaya da turkuɗi a hannu, ya ce a hankali, "Barkonon ne ya ɗan yi yawa."

Lidiya ta iso kafin magariba. Ta duba maƙogwaro, ta duba hanci, ta ce Allah ya taimaka bai ƙone ba, haushi ne kawai ya yi. Ta wanke masa hanci da ruwan gishiri, ta ba shi ƙwayarsa, ta fesa masa maganin da hannunta, ta sa a riƙa ba shi ruwan ɗumi da zuma. Ta ce kada ya furta ko kalma ɗaya har gobe, ko gaisuwa aka yi masa ya ɗaga hannu.

"Zai yi waƙan?" in ji Roda.

"Mama, ban sani ba. Da ya bi abin da na ce tun Litinin, da na ce i."

"Kalan fa?"

"Wannan ba a koya mana ba."

An gwada sabulu, an gwada lemun tsami, an gwada toka. Fatar ta ɗan saki, ta bar shuɗi a cikin kowane tamoji. Gashin kuwa ya ƙi. Aka ce a aske, aka aske kai, sai ga fatar kan ta fi gashin shuɗi. Gashin baki Elkana ya rufe da hannu ya hana, don tun yana saurayi bai taɓa cire shi ba.

Ranar Asabar mu maƙwabta Musulmi muka zauna a rumfar da aka kafa mana a harabar coci, ana jiyo komai ta lasifika, ta taga kuma ana hango gaba. Ɗahiru ya zo a makare, ido jajaye, ya zauna can kujerar ƙarshe. Da Elkana ya shigo riƙe da hannun amarya, cikin farar babbar riga, kai shuɗi yana ƙyalli, sai ɓangaren mutanen Michika ya yi tsit, ɓangaren Lokuwa kuwa kowa ya sunkuyar da kai kafaɗu na rawa.

Aka ɗaura aure. Fasto ya ce uban amarya yana da saƙo. Elkana ya karɓi makirfo, ya tsaya. Tun jiya ba wanda ya ji sautinsa, shi kansa bai san abin da zai fito ba. Ya ja numfashi, muka ji shi ta lasifika, ta hanci ya ja, ko da yake da ɗan fito.

Muryar ta fito. Ba irin ta da ba ce, ta dushe, ta yi ƙasa, tana kakkarcewa a gefe. Amma ta mutum ce, ba ta agwagwa ba. Da yarensu ya yi waƙar, ban ji ma'anarta ba, an fassara mini daga baya na kuma manta, wani abu ne game da ranar da aka haife ta ana ruwa. A tsakiya ya yi atishawa ɗaya wadda ta sa lasifika kuka, aka yi dariya, shi ma ya yi, ya koma daidai inda ya tsaya. Da ya zo inda ya kamata murya ta hau sama ta ƙi hawa, sai ya sauko da ita ya ƙarasa a hankali, kamar mai lallashin jariri. Dorathy ta taso da rigarta ta rungume shi. Da ta sake shi, kafaɗar farar rigar ta yi shuɗi, ba ta ko kakkaɓe ba.

Wajen cin abinci aka haɗu duka a rumfa. Uban ango, wani dattijo mai suna Ezekiya, ya matso kusa da Elkana cikin ladabi.

"Surukina, waƙan nan ya taɓa ni. Amma in tambaya, kada in yi laifi. Wannan kala da ka shafa, al'adan ku ne na Kwaja in ana aurar da 'ya?"

Elkana ya juya ya nemo Ɗahiru da ido har kujerar ƙarshe. "Ba al'ada ba ne," in ji shi da 'yar muryar da ta rage. "Maƙwabtaka ne."

Ɗahiru da ya ga an dube shi ba a jefe shi ba, sai rai ya dawo. Ya ce wa na kusa da shi, yadda kowa zai ji, "Amma dai kun ji numfashin nan ta hanci ya ja shi, ko? To."

Lidiya ta ajiye cokali. Kafin ta yi magana Ezekiya ya zaro hankici ya fyace, ya ce, "Ai hanci ba daɗi. Ni ma duk damina haka nake fama, na sha magani har na gaji. Ko akwai wanda ya san abin nan a unguwan ku?"

Ɗahiru ya ajiye faranti. Ya gyara hula. Ya fara miƙewa.

Rumfar nan gaba ɗaya, Musulmi da Kirista, maza da mata, wani da Hausa, wani da Fulatanci, wani da Gude, har da mutanen Michika da ba su san dalili ba suka taya da Kamwe, kowa abu ɗaya ya faɗa: "Zauna!"

Ya kuwa zauna.